Rasuwar Gwaggo, Sifikar Falon Ja-Numfashi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunnuwan da har yanzu ba su saba da shiru ba, iyalan mai ɗaukar hoton ƙashi na babban asibiti, wanda abokan aikinsa suka fi sani da Ja-Numfashi, suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da maƙwabtan sama da na ƙasa, rasuwar sifikarsu ta falo, wadda yaran gidan ke kira Gwaggo. Ta cika ranar Lahadi da yamma, a kusurwarta ta kullum tsakanin taga da kabad ɗin kwanuka, tana tsakiyar aiki. Ba ta yi doguwar jinya ba, ko da yake wasu maƙwabta sun ce su sun yi.

Marigayiya ta shigo hannun mai gidan tun yana ɗalibi, ita da 'yar uwarta da suke tagwaye, daga wani shagon kayan gwanjo. Akwatin katako ce baƙa, tsayinta ya kai ƙugun mutum, tana da hannun ɗauka a kowane gefe, kuma duk wanda ya taɓa taya su ƙaura bai sake ɗaga wayarsu ba. Malama, matar gidan, wadda ke shugabantar makarantar firamare kuma ta san hayaniya farin sani, a ɗakin ta same ta. Ta karɓe ta yadda ake karɓar dangin miji, wato da haƙuri. Ta shimfiɗa mata ƙyalle a ka, ta ɗora tulun furannin roba. Tun daga ranar, duk lokacin da Marigayiya ta buɗe baki, tulun yakan kama hanya a hankali zuwa bakin akwatin, kuma aikin kowane yaro a gidan, da zarar ya iya tsayuwa, shi ne ya tare shi kafin ya faɗi. Yaran ne suka raɗa mata Gwaggo, saboda wuri ɗaya take zama, muryarta ta fi ta kowa, kuma ba a taɓa jin ta rage murya don baƙo ba.

'Yar uwarta ta riga ta gidan gaskiya da daɗewa, ranar da wuta ta dawo da ƙarfin da ba wanda ya roƙa. Daga nan Gwaggo ta ci gaba da ɗaukar gidan ita kaɗai, da ɓangaren hagu na kowace waƙa. Abin da aka ajiye wa dama kuwa, ya tafi da mai shi. Shi ya sa yaran gidan suka tashi da imanin cewa mai jita ɗaya ne a ƙungiyar da ubansu ke saurare. Sai da babbar 'yar ta shiga jami'a ta sa iyafis a kunne biyu, sannan ta gano akwai wani bawan Allah a dama da ya shafe shekaru yana ta wahala ba wanda ya san da shi.

Ƙungiya ɗaya tak Marigayiya ta yi wa hidima duk rayuwarta, wasu makaɗan metalko da ke rubuta sunansu kamar ƙayar da mota ta taka. Da yake ba wanda ya iya karanta shi, gidan ya sa musu 'Yan Tsawa. Ga wanda Allah ya kare daga wannan kiɗa, ga bayaninsa. Mai ganga yana duka da ƙafa biyu kamar wanda ke gudu bai bar inda yake ba, dugu-dugu-dugu-dugu. Jita tana sara kamar zarto a kan kwano. Sannan wani mutum ya buɗe maƙogwaro ya yi ruri, irin wanda za ka yi idan ƙofar mota ta datse maka yatsa kuma ka tuna kai ka rufe ta. Can tsakiyar waƙa sai komai ya ja birki, ya yi nauyi, ya riƙa faɗowa ɗaya bayan ɗaya: jan... jan-jan... jan. Yaran suna kiran wurin rushewar gini. A nan ne gilashin kabad ke amsawa, a nan ne kuma Gwaggo ta fi kowace sifika a unguwar daraja, domin ita ba kunne take nema ba, ƙirji take nema.

Mutane da yawa sun yi mamakin abin da ya haɗa wannan kiɗa da mutum irin Ja-Numfashi. Shi dai ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba. A wurin aiki, cikin ɗakinsa mai sanyi da rabin duhu, maganarsa uku ce tun safe har tashi: ja numfashi, riƙe, saki. Idan ya dawo gida, ya riga ya cinye rabonsa na ranar. Yana iya duba ƙirjin baƙo ya gaya masa abin da ke ciki, amma nasa ƙirjin ba a taɓa samun na'urar da ta ɗauki hotonsa ba. Sai Gwaggo. Ita ce bakinsa, kuma wannan ne babban aikin da za a riƙa tunawa da ita a kai.

A gidan ba a tambayar Baba me ya faru. Faifai ake saurare. Da yake sunayen faya-fayen ma ba su karantuwa, da hoton bango ake kiransu. Na farko, Mai Hankaka, an ɗauke shi ne kamar a cikin garejin wani, babu ado, babu tausayi, ruri daga farko har ƙarshe. Idan shi ya tashi, to an taɓa mai gida, kowa ya kama kansa, a ɗage maganar kuɗin makaranta zuwa gobe. Na uku, Mai Gajimare, shi ne wanda 'Yan Tsawa suka yi wanka suka taje kai, suka shigo da fiyano don a sa su a rediyo. Mai gida yana ɗaukarsa cin amana, bai kuma taɓa sa shi ba sai idan baƙo ya daɗe bai da niyyar tashi. Na huɗu, wanda suka canza mai ganga suka ce sun koma asali, na sharar ranar hutu ne, ba shi da wata ma'ana.

Na biyu ne abin magana. Mai Ƙofa. A shi ne ƙungiyar ta ɗauko mawaƙi na biyu, mai murya siririya, tsaf kamar ruwan sanyi. Akwai waƙa guda a cikinsa da ke farawa da ruri mafi muni da suka taɓa yi, ta bi ta cikin rushewar gini mai tsawo, har mai saurare ya fid da rai, sai kawai tsit na ƙiftawar ido, sannan siririyar muryar ta shigo ita kaɗai, a hankali, kamar an buɗe taga. Wannan waƙa ita ce ban haƙurin Ja-Numfashi. Da ita ya nemi afuwar Malama ranar da ya manta ta a bakin kasuwa. Da ita ya yafe wa ƙaramin yaron fasa gilashin mota. Ƙa'idar a bayyane take: idan aka kai ga siririyar murya, magana ta wuce, a zo a ci abinci.

Ƙa'idar tana da bayanta, kuma sau ɗaya aka taɓa ganin bayan nan. Ƙanin mai gida ya taɓa faɗar wata magana a kan Malama a cikin jama'a, wadda wannan sanarwa ba za ta maimaita ba. Da ya zo gyara ɓarnar da rabin baki, yayansa ya zaunar da shi, ya sa Mai Ƙofa. Ƙanin ya san waƙar, ya miƙe ƙafa, har ya fara neman ruwan sha. Ana cikin rushewar gini, saura ƙiris taga ta buɗe, Ja-Numfashi ya tashi ya kashe makunnin bango. Ƙanin bai sake taka benen ba. Babbar 'yar, tana ƙarama a lokacin, ta ga komai ta bayan labule, kuma yara ba su mance irin wannan.

Ita wannan babbar 'yar, 'Yar Gwaggo ake ce mata, kuma ba a banza ba. Tana jaririya ba ta barci sai an kwantar da ita kusa da Marigayiya. Ita ce ta fara lura, tana sakandare, cewa muryar Gwaggo ta dushe, ta gano tsaga a fatar bakinta, wato baƙar takardar nan da ke rawa idan sauti ya fito, ta liƙe ta da gam da ƙyallen tsohuwar riga. Mai gyaran rediyo na bakin titi ya duba aikin ya ce ya yi, amma ya yi gargaɗi: tsohuwa ce, kada a sake murɗa ta ta wuce rabi. Aka kiyaye. 'Yar ta karanta harhaɗa magunguna don ubanta yana so, ta gama lafiya, shi kuma ya yi abin da bai taɓa yi wa kowa ba, ya shiga ofis-ofis yana gaisuwa da bakinsa har ya samo mata gurbi a ɗakin magani na asibitinsu.

Sai ta zo masa da takardar ɗaukar aiki daga wani situdiyo a gari mai nisa, inda za ta riƙa haɗa sauti. Ashe tun tana aji biyu a jami'a take koyo a ɓoye. Ja-Numfashi ya karanta takardar har ƙasa, ya ninke ta yadda ta zo, ya ce, "Wannan ba sana'a ba ce." Bai ƙara ba. Mako guda cur Mai Hankaka yana tashi da yamma. Tulun furanni ya yi tafiyar da bai taɓa yi ba. 'Yar ta shiga ɗakinta ta rufe, ta fara haɗa kaya, domin ranar Asabar ɗin sama za ta tafi, da yardarsa ko babu.

Malama ce ta gaji. Ta same shi yana goge takalmi, ta tambaye shi wa ya kwantar da jaririya a gindin sifika, ita ko shi. Ta ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma ita dai ba ta taɓa ganin mutumin da ya shayar da yaro abu tun yana zanin goyo ba, sannan ya zo yana fushi don yaron ya ce abin da daɗi. Ta ɗauki jakarta ta tafi duba wata malamarsu da ta haihu. Mai gida ya daɗe zaune da takalmi ɗaya a hannu.

Abin da ya biyo baya shi ne ajalin Marigayiya, kuma iyalan suna so a san shi dalla-dalla, saboda jita-jitar da ke yawo a bene cewa maƙwabta ne suka yi mata baki. Ja-Numfashi ya ciro Mai Ƙofa, ya hure shi, ya sa. Ya dubi ƙofar ɗakin 'yarsa a rufe, ya ji tsoron kada saƙon ya kasa ratsa katako, sai ya murɗa Gwaggo ta wuce rabi, ta wuce inda mai gyara ya hana, har ƙarshe. Ta amsa kamar tana budurwa. Ruri ya cika gidan. A ɗaki, 'yar ta gane waƙar tun bugun farko, ta ajiye rigar da take ninkewa, ta zo ta kama hannun ƙofa tana jiran taga ta buɗe. Gini ya fara rushewa. Jan... jan-jan... Sai Marigayiya ta ce kurrr, ta ce fut, ta yi shiru. Waɗannan su ne kalamanta na ƙarshe.

Da wani gida ne, da an leƙo an ce me ya sami sifikar. A wannan gida shiru a daidai wannan wuri fassara ɗaya gare shi. 'Yar ta saki hannun ƙofar, ta zuge jakarta, ta fito ta bi ta bayan kujerarsa ba ta dubi kowa ba, ta sauka. Shi kuwa yana tsaye, bakinsa a buɗe, yana jiran Gwaggo ta yi masa bayani kamar yadda ta saba. Ya ji ƙarar ƙofar ƙasa. Mutumin da ya yi shekaru yana gaya wa jama'a su saki, ya riƙe.

Malama ta dawo ta tarar da gawa a kusurwa, miji a tsaye, ɗakin 'ya babu kowa. Ta kira ta a waya a gidan ƙawarta ta ce mata sifika ce ta lalace. 'Yar ta ce Mama kullum cikin rufa masa asiri take, ita ta san abin da ta ji, kuma ta san wanda aka taɓa yi wa haka. Aka ba mai gida shawara ya tura mata waƙar ta waya. Ya gwada saurarenta a wayar tukuna, ya ji 'Yan Tsawa sun koma sauro a cikin gwangwani, ya ce ba zai nemi afuwar 'yarsa da wannan ba. Aka ce to ya kira ta ya yi magana. Ya dubi mai shawarar kamar an ce ya tashi sama.

A kwanakin nan ne maƙwabta suka yi ta shigowa ta'aziyya, kuma iyalan sun lura da fara'ar da wasu suka kasa ɓoyewa. Allah ya ba kowa ladan niyyarsa. Mutum ɗaya ne ya yi baƙin ciki na gaskiya, tsohon direban jirgin ƙasa da ke zaune a ƙasansu, wanda kunnensa ya yi nauyi. Ya ce shi bai taɓa jin waƙar ba, amma idan silin ɗinsa ya fara rawa yakan ji kamar yana kan aiki, yanzu kuwa gidan ya tsaya a tasha.

Ranar Laraba Malama ta sake kira, wannan karon da muryar da take tsayar da layin yara. Ta ce ba ta roƙon kowa ya yarda da ita. Ta ce tunda yarinya ta ce sauti ne sana'arta, to ga gawa nan, ta zo ta duba da kanta, gani ya kori ji. 'Yar ta zo da yamma da sukuddireba a jaka, ta gaida ubanta gaisuwar da ake yi wa mai gidan haya, ta durƙusa gaban Gwaggo. Ta sauke tulun furanni, ta kwance fuskar. Ƙaurin ƙonanniyar waya ya fito. Ta danna fatar bakin da yatsu, ta ji tana gogar ciki, kurrr. Sai ta ɗaga kai. Makunnin bango a kunne yake. Fitilar amfilifaya, na'urar da ke ba ta ƙarfin sauti, tana ci. A fuskar na'urar faifai, lambar waƙar nan tana nan, daƙiƙu suna tafiya. Tun ranar Lahadi bai kashe komai ba. Ya sa waƙar ta riƙa maimaita kanta, tana kaiwa ga siririyar murya tana komawa farko, cikin shiru, duk da mitar Malama a kan kuɗin wuta.

"Ba ni na kashe ba," in ji shi.

Ta ce ta gani. Ta ce koyil ne, wato naɗin wayar da ke cikinta, ya ƙone, kuma wanda ya murɗa tsohuwa har ƙarshe shi ya san dalilinsa. Ta zauna a kan dugaduganta tana juya sukuddireba. "Amma Gwaggo ba ta nan, Baba. Da ta ƙarasa, me za ta ce?"

Ya dubi akwatin. Ya dubi Malama. Malama ta ce ita ta yi ritaya daga tafinta, ta kuma tuna tana da tukunya a wuta, amma ba ta wuce bakin ƙofar kicin ba. Ya buɗe baki ya rufe.

"Ja numfashi, Baba," in ji 'yar. Ya ja. "Riƙe." Ya riƙe, har fuskarsa ta fara canzawa. "To, saki."

"Uwata," ya ce, domin sunan mahaifiyarsa gare ta, "sana'a ce. Ki je. Ki riƙa kira."

Waɗanda suka san shi sun tabbatar wannan ne jawabi mafi tsawo da ya yi tun bayan aurensa. Malama ta ce albasa ce ta shiga mata ido, ko da yake ranar ba a yanka albasa ba.

Marigayiya ta rasu ta bar amfilifaya ɗaya, wanda aka kashe shi a ƙarshe ya huta, da na'urar faifai mai murfin da sai an dafa shi, da rimot da aka ɗaure da roba, da wayoyi masu yawa a bayan kabad waɗanda ba a san iyayensu ba. Ta bar faya-fayai huɗu, uku cikin mutunci. Ta bar tulun furanni, wanda a karon farko ya kwana inda aka ajiye shi. Ta bar tabo mai kusurwa huɗu a kan kafet, da 'ya ɗaya da ta rena, da mai gida da ke koyon magana da girmansa.

Za a fitar da gawa ranar Asabar da safe, daga falo zuwa shagon mai gyaran rediyo, inda 'yar uwarta ke kwance a saman kantar shagon. Mai gida zai kama hannu ɗaya, 'Yar Gwaggo ta kama ɗayan, don haka ana roƙon jama'a su bar matattakala a buɗe, kada kuma kowa ya ce zai taya. Maganaɗisun cikinta za a cire a ba 'yar ta tafi da shi, daga shagon kuma za a wuce tasha. Ba a buƙatar furanni, akwai na roba. Masu niyyar kawo sabuwar sifika su dakata tukuna, Malama ta ce a bar mutumin ya ɗan ƙara kwana biyu a haka a ga abin da zai fito. Ƙanin mai gida, idan wannan sanarwa ta iske shi, ba a ce ya zo ba, amma an share kujerar da ya bari.

Da yake Marigayiya ta tafi da waƙa a baki, mai gida ya ɗauki alkawarin ƙarasa ta da kansa kafin a ɗaga akwatin, daga inda siririyar murya ke shigowa. Ana shawartar masu raunin zuciya su tsaya daga ƙasan bene. An riga an ji shi yana gwaji a banɗaki, kuma gaskiya ɗaya ce, Allah bai ba shi murya ba ko ta aro. 'Yar Gwaggo, wadda sana'arta ke nan, ta tsaya a bayan ƙofa ta saurara har ƙarshe, ta ce babu abin da za ta gyara.